Kafaɗarta Ta Sauka

Shekarun baya ne, ina amarya ɗanya shakaf, ranar da jirgi ya fara sauke ni a Doha. An sha ba ni labarin dogayen benaye masu walƙiya, amma ba su suka fara ɗaukar idona ba. Da jirgin ya karkata zai sauka na leƙa ta taga, sai na hango wani siririn layi ya taso daga gaɓa ya miƙe cikin teku, ya yi nisa, sannan ya lanƙwaso kamar hannun mutum. A cikin lanƙwasar ƙananan jirage ne kwance luf, ruwansu shiru. A bayanta kuwa teku sai farin kumfa yake yi. Na ce a raina, ikon Allah, garin da ko duwatsunsa runguma suke yi, ai na zo inda ya dace da ni.

Ku da kuka daɗe kuna karanta ni a nan kun san halina. Littattafan soyayya na bakin kasuwa ne suka rene ni. Tun ina sakandare a Funtuwa nake ɓoye su cikin littafin lissafi, in karanta na ɗaya a makaranta, na biyu a ƙarƙashin gado, na uku in bi ƙawaye gida gida ina nema. A cikinsu na koyi abu guda da na riƙe kamar karatun allo: macen da ake so ba ta faɗar abin da ke damunta. Sunkuyar da kai take yi, ta yi wasa da zoben hannunta, shi kuma namijin ya dubi ƙwayar idonta ya karanto komai. In har sai ta buɗe baki ta faɗa, to ba so ba ne.

Mijina kuwa, da ya zo hutu ya gan ni a gidan yayata, dogo ne, mai ƙarancin magana, ba ya dariya sai da dalili. Nan take na san rukuninsa. Na ce wa ƙawayena miskili ne, irin wanda yake shiru a farkon littafi, can wajen tsakiya ya fashe da kalamai har mai karatu ta ajiye littafin ta dafe ƙirji. Ni na zaɓe shi da kaina, ba wanda ya tura ni. Na shiga auren ina jiran a zo tsakiyar littafi.

Ya taɓa yi mini bayanin aikinsa tun kafin biki. Ya ce injiniya ne mai duba katangar teku, wato duwatsun da ake jerawa cikin ruwa don su tare igiyar ruwa kada ta daki jiragen da ke tasha. Ya ci gaba da bayani, amma ni daga kalmar teku ban ƙara jin komai ba. Tuni na hango mu zaune bakin ruwa, iska tana kaɗa mayafina.

Gidanmu a unguwar Bin Omran yake, hawa na biyu, tagar falo tana kallon bangon maƙwabta da na'urorin sanyaya ɗaki masu ɗigar da ruwa. Bayan asuba yake fita. Ya dawo da yamma takalminsa fari fat da gishiri, hannun rigarsa da ɗigon jan fenti. Ya yi sallama, ya ce, “Malama, lafiya dai?”

Malama yake ce mini. Ni da na tanadi kunnena don jin sunaye masu zaƙi.

In ce, “Lafiya lau.”

Ya ce, “Madalla.” Ya yi wanka, ya ci abinci, ya yaba miyar, ya yi isha'i, barci ya kwashe shi a kan kujera.

Ba mugu ba ne, kada ku yi masa wannan fassarar. Ban taɓa neman abu na rasa ba. Amma na fito daga gidan da ba a rufe ƙofa, inda kafin hantsi mata sun shigo da sallama sun fita, wannan ta zo aron maburgi, waccan ta zo kawo labari. A nan kuwa maƙwabtana sai dai mu haɗu a matakala mu yi wa juna murmushi, kowa da harshensa. Sai in wuni ban ji muryata ba. Ran Juma'a da yamma yakan kai ni Kornish, wato hanyar shan iska ta bakin teku, mu yi tafiya gefen ruwa, jiragen katako suna ta kiɗa da fitilu. Ina satar kallonsa ina cewa yanzu zai yi magana. Sai ya daɗe yana duban teku, ya nisa, ya ce, “Jibi za a yi iska.”

Watanni suka tafi a haka. Na sunkuyar da kai har wuyana ya gaji, na yi wasa da zobe har ya kusa kwancewa, ba wanda ya karanto komai. A ƙarshe na yanke shawara a raina: zan ce masa ina son zuwa ganin gida, in na je kuma ba zan dawo ba. Ban gaya wa kowa rabin na biyun ba, amma mahaifiyata ta ji shi a muryata ta waya.

Ta ce, “'Yar nan, ya zage ki ne?”

Na ce a'a.

“Ya hana ki ci ko sutura?”

Na ce a'a, Inna, kawai dai bai san abin da ke raina ba.

Ta ce, “Kin faɗa masa?”

Na ce ai in da yana sona da ya sani.

Ta ce, “To ni dai injiniya aka ce mini na ba wa 'yata, ba a ce mini boka ba.”

Na ji haushi na ajiye wayar. Na ce Inna mutanen da ne, ba ta san so ba.

A lokacin sanyi ne wannan, sai ga wata iska da suke kira shamal ta taso daga arewa. Kwana da kwanaki tana kaɗawa, tagogi suna kuka, teku ya ɓaci. Mijina ya ƙara zama shiru. Yana cin abinci hankalinsa na wani wuri. Na bari sai iskar ta lafa in gabatar da maganar tafiyata.

Ranar da ta lafa, bayan magariba, ina kicin ina soya albasa, na ji shi a baranda yana waya da abokinsa. Abokin nan ɗan Jos ne, Kirista, mai nutso ne a wurin aikinsu, shi yake shiga ƙarƙashin ruwa ya dubo abin da ido ba ya gani daga sama. A unguwar Najma yake zaune da wasu abokan aiki, kuma yakan zo mana cin tuwo. Da Hausa suke magana kullum. Ban yi niyyar saurare ba, amma tagar kicin a buɗe take.

Na ji mijina yana cewa, “Wallahi tun da na lura da ita hankalina bai kwanta ba.”

Na rage wuta.

“A'a, in ka gan ta daga waje sai ka ce lafiyarta ƙalau. Kanta a tsaye, ba abin da ya nuna. Amma kafaɗarta ta sauka, na gani da idona.” Ya saurari abokin. “Zuciyar ce, ina gaya maka. A hankali take zubewa, ba ta da bakin faɗa ne kawai.”

Na ajiye ludayin na matsa kusa da taga.

“Laifina ne,” in ji shi. “Na daɗe ban zauna na dube ta da kyau ba. Asabar in Allah ya kai mu zan bar komai, in wuni da ita.”

Albasar nan ta ƙone ƙurmus, ban ko ji ƙauri ba. Na jingina da bango ina murmushi ina hawaye. Ashe ya gani. Ashe duk shirun nan yana karanta ni. Mun zo tsakiyar littafi.

Na shiga ɗaki na tsaya gaban madubi. Na duba kafaɗata, sai na ga lallai ta hagu ta ɗan sauka. Daga ranar har Asabar ɗin na ƙara sauke ta, musamman in zan miƙa masa ruwa. Ya taɓa tambayata ko na kwana a kan hannu ne. Na ce lafiya lau, ina dariya a ciki, na ce wannan miskilin ya iya ɓoye shiri.

Ran Juma'a na zauna na yi wa kaina lalle, hannun dama ya fito a karkace don ba mai yi mini. Asabar da safe na yi turaren wuta, na shafa humra, na ɗauko leshin da ban taɓa sawa ba tun lefe, na sa takalmi mai tsini. Ina zaune a falo ya fito cikin kayan aiki, da riga mai ƙyalli a kafaɗa. Ya tsaya yana kallona.

“Unguwa za ki, Malama?”

Na sunkuyar da kai. “Duk inda za ka.”

Ya ce, “Wurin akwai iska fa, kuma ba wajen zama.”

“Na sani.”

Sai na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba. Ya ce, “Ban san kina da sha'awa ba. Yalla, mu je.” Na ga ya sa wani guntun rodi da gwangwanin jan fenti a bayan mota. Rodin ban gane amfaninsa ba, amma fentin na gane: sunana zai rubuta a jikin dutse.

Wata ƙaramar tashar masunta ce a gefen gari. Ƙarnin kifi ya tare mu tun daga ƙofa. Jiragen katako a jere, masunta suna ɗinkin kejin waya da suke kama kifi da shi. Mijina ya yi magana da mai gadi, aka ba ni riga mai ƙyalli na ɗora kan leshi, da hular kwano na kifa kan ɗankwali. Ban damu ba. A littafi ma sai an sha wuya kafin a kai ga daɗi.

Abokinsa yana jiranmu a bakin ruwa, kayan nutso sun kai masa ƙugu. Yana ganina ya buɗe baki.

“A'a, Oga, yau har da Amarya? Amarya, sannu da zuwa. Wannan takalmin naki kuwa, kifi za ki soke da shi?” Ya ɗauko mini wasu manyan takalman roba daga cikin jirginsu. “Sa waɗannan. Kin kyauta, kin zo gaida marar lafiya.”

Na ce, “Wace marar lafiya?”

Ya nuna da haɓa. “Ga ta can kwance. Kafaɗar ce ta sauka, amma Oga ya rantse zuciya ce.”

Na bi inda ya nuna. Duwatsu ne manya manya, an jera su sun miƙe cikin teku, sun yi nisa, sun lanƙwaso kamar hannun mutum.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba, ƙafa ɗaya cikin takalmin roba, ɗaya cikin mai tsini. Ba wanda ya lura. Su biyun sun riga sun shiga maganar aiki. Na ƙarasa sa takalmin na bi bayansu, yana yi mini falaf falaf, kafaɗata kuma ta koma daidai da kanta.

A kan hanya abokin ne ya yi mini bayani, don shi bakinsa ba ya hutawa. Ya ce masu wannan sana'a sunayen jikin mutum suka ba katangar, su biyun kuma suka mayar da su Hausa don su riƙa magana a ofis ba mai gane su. Can ƙarshe inda ta fi shiga teku shi ne kai. Inda ta lanƙwasa kafaɗa. Gindinta na ƙarƙashin ruwa ƙafa. Manyan duwatsun waje, waɗanda kowanne ya kai girman ɗaki ƙarami, su ne sulke. A can ciki kuma, inda ba a gani, tsakuwa ce da ƙananan duwatsu a danƙare, kansu komai yake zaune. Ita ce zuciya.

Na ce, “Allah sarki.” Abin da na iya faɗa ke nan.

A saman katangar akwai siririyar hanya ta kankare, a kanta muke tafiya. A hannun hagu ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, a dama yana ta dukan duwatsu yana watso mana gishiri. Mijina yana gaba, a hankali, idonsa a ƙasa. Nan na ga amfanin fentin. A wurare da yawa an ja jan layi miƙaƙƙe ya ratsa duwatsu biyu ko uku da ke jingine da juna. In layin yana nan a miƙe, sai ya wuce. In ya karye, rabi ya yi sama rabi ya yi ƙasa, to dutse ya motsa. Sai ya durƙusa ya auna, ya ɗauki hoto, ya ja sabon layi a gefen tsohon. Yana yi yana dafa duwatsun da tafin hannu kamar mai lallashin doki.

Da muka kai kafaɗar, abokin ya sauka cikin jirginsu inda mutanensa ke jira, suka zagaya ta waje, ya gyara abin numfashinsa ya faɗa ruwa. Muka rage mu biyu.

Mijina ya ɗauko rodin ya fara ƙwanƙwasa kankaren, taku kaɗan ya buga, taku kaɗan ya buga. Ya ce, “Zo ki ji.” Ya buga a wani wuri, ƙarar ta fito a dunƙule, gajeriya. Ya matsa gaba ya buga, sai ta fito da amo kamar an daki tulun da ba ruwa.

Ya ce, “Kin ji? Nan ƙarƙashinsa ba komai. Mutane suna ɗauka babbar igiya ce take rushe katanga. Ita ai ana ganinta, an kuma shirya mata. Abin tsoro shi ne ƙaramar kafa. Ruwa ya shiga, in zai fita ya tafi da tsakuwa ɗaya. Gobe ma haka. Daga waje sulke yana nan a tsaye, kowa ya wuce ya ce lafiya lau. Rana ɗaya sai a wayi gari ta zauna.”

Tun aurenmu ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Idonsa har haske yake yi. Ga kalaman da nake jira, sun zo, amma na dutse ne.

Ya miƙo mini rodin. Na buga a wurin da ya nuna. Amon ya biyo ƙarfen ya shigo hannuna. Na sake bugawa. Sai na ji bakina ya ce, ba tare da na shirya ba, “Na ɗauka ni ce.”

Ya ce, “Ke ce me?”

“Wadda kafaɗarta ta sauka. Na ji ka a baranda.”

Ya dube ni. Ya dubi leshin, da lallen da ya karkace, da hular kwano. Na ga yana mayar da maganganunsa ɗaya bayan ɗaya a ransa. Na jira dariya, don ko ni da wata ce ta ba ni labarin da na yi. Bai yi ba. Ya zauna a kan wani dutse.

Ya ce, “Zuciyarki tana zubewa ne?”

Na ce, “Na riga na shirya in ce maka ina son zuwa gida.”

“Ai sai ki je. Na san kin yi kewar Inna.”

“Ban yi niyyar dawowa ba.”

Ruwa ya daki duwatsu ya koma, ya sake dukansu. Can nesa kumfar numfashin abokinsa tana fitowa saman ruwa. Mijina ya daɗe yana juya hannunsa mai fenti.

Ya ce, “Kullum na shigo ina tambayarki.”

“Kana tambaya.”

“Kina ce mini lafiya lau.”

Na ce, “To me ake cewa? Ko a gadon asibiti aka gaida Bahaushe ai lafiya lau zai ce.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Ita wannan ba ta da baki, shi ya sa nake bin ta da rodi. Ke kina da baki, Malama. Na ɗauka in da wani abu za ki faɗa. Da na ga kina shiru sai na ce irina ce, ba ta son yawan magana. Har daɗi nake ji, ina cewa Allah ya haɗa ni da daidai ni.”

Ni ce irinsa. Ni da a gida ake ce mini rediyo. Dariya ta taso mini tare da kuka, na zauna a dutsen da ke kusa da nasa na bar su suka fito yadda suka ga dama. Da na natsu sai na faɗa masa. Ba da zobe ba, ba da sunkuyar da kai ba, da baki. Na gaya masa yadda nake wuni ban ji muryata ba, yadda nake tsayawa a taga ina kallon bango, yadda nake jira ya ce wani abu a Kornish ya ce mini za a yi iska. Har littattafan na gaya masa. Ya saurara kamar yadda yake sauraron kankare, kansa a ɗan karkace.

Muna haka sai abokinsa ya ɓullo daga ruwa. Ya cire abin bakinsa ya ɗaga murya daga cikin ruwa: “Oga, ka ci gari. Ƙafa lafiya. Amma akwai kafa a ƙarƙashin kafaɗa, hannuna ya shige har nan. Tsakuwa duk ta zube a ƙasa.”

Mijina ya ce, “In wata iskar ta same ta a haka fa?”

“Kalas, shi ke nan. Sai dai labari.”

A mota muna komawa na tambaye shi yadda ake gyarawa, don in kore shirun. Ya ce ba a toshe ta daga waje. Sai an kawo injin ƙugiya mai ɗaga kaya an ɗaga manyan duwatsun ɗaya bayan ɗaya an ajiye a gefe, a cika cikin, a shimfiɗa abin da zai hana tsakuwa fita, sannan a mayar da kowane dutse mazauninsa. Ya ce aiki ne mai cin lokaci, kuma sai ruwa ya kwanta ake yinsa. Muka yi tafiya kaɗan. A wajen wata danja ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ki je ki ga Inna. Amma ki bar ni in gwada tukuna.”



Gwajin nasa bai yi kama da na littafi ba ko kaɗan. Ya bi masallaci yana tambaya har ya gano matar wani likita ɗan Katsina, layi kaɗan tsakaninmu, wadda matan Hausawa ke taruwa a gidanta karatu da hira. Shi ya kai ni har ƙofa, ya tsaya a mota kamar mai kai yarinya makaranta. Ya sa aka juya kujerun falo suka daina kallon bango. Ya fara dawowa da labarin katanga, ni kuma na fara tambaya, har na san ranar da aka ɗaga dutsen farko da ranar da aka mayar da na ƙarshe. Sau ɗaya, na tabbata da zugar abokinsa, ya tsaya a ƙofar kicin ya yi gyaran murya ya ce na fi masa duk katangun ƙasar nan. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Bai sake gwadawa ba, ni ma ban nema ba.

Amma akwai abu ɗaya da ya ɗora daga ranar. In ya shigo ya ce lafiya dai, na ce lafiya lau, sai ya ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa, ya ce, “Na ji ta waje. Ta ciki fa?” Kuma ba ya tashi sai na amsa.

Na je gida bayan sallah, na yi makonni ina cin tuwon Inna, na dawo da ƙafata. Inna ba ta tambaye ni komai ba, sai da za ta raka ni mota ta ce, “A gaida boka.” Abokinsa kuwa, ban san yadda labarin ya kai kunnensa ba, har muka bar ƙasar bai sake ce mini Amarya ba. Yana shigowa zai ce, “Katanga, ina wuni? Ya kafaɗa?”

Har yau ina karanta littattafaina, kada ku ɗauka na tuba. Ina son namijin da ke karanta ido, a takarda. Amma na gane cewa shekarun da na yi ina koyon yadda ake shiru mai ma'ana, ban koyi yadda ake cewa ga abin da ke damuna ba, kuma na biyun ya fi wuya. Mu an rene mu da lafiya lau. Kalma ce mai kyau, sulke ce, tana tare igiyar mutane da yawa da ba ruwansu da cikinka. Sai dai akwai mutum ɗaya ko biyu a duniya da ya kamata ka ɗaga musu ita. Kuma so ba koyaushe yake zuwa da sani ba. Wani lokaci zuwa yake da rodi a hannu, yana tambaya.

Shi kuwa mijina, kwangilarsa ta ƙare bayan wasu shekaru, muka tattaro yara muka dawo Zariya. Yanzu madatsun ruwa na ƙasa yake dubawa a ƙauyuka, ya kan kuma koyar da ɗalibai. Furfura ta fito masa a gemu. Rodin yana nan a bayan ƙofa, duk ruwan da aka yi mai ƙarfi sai ya zagaya katangar gidanmu da shi, yara suna bin sa suna dariya. Bara da damina na lura ya rage cin abinci, yana daɗewa a tsakar gida yana kallon ruwan da ya taru a kwatami. Na kawo masa shayi, na ga kafaɗarsa ta hagu ta sauka.

Na ce, “Injiniya, lafiya dai?”

Ya ce, “Lafiya lau.”

Na ajiye kofin, na ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa.

Ya dube ni, ya yi murmushi. Sannan ya ce, “Teku nake kewa, Malama.”

Na jawo kujera na zauna.